Motata tana wahalar tashi da safe tun da na dawo Jos, me zan yi mata a hunturun nan?

"Assalamu alaikum Malam. An yi mini canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Jos a watan Oktoba, yanzu ina zaune a Bukuru. Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, shekara uku tana hannuna ba ta taɓa ba ni matsala ba. Tun da sanyi ya shigo, da safe sai na murɗa makulli sau uku ko huɗu kafin ta tashi. In ta tashi sai farin hayaƙi, shan mai ya ƙaru, hita kuma iska mai sanyi take hurowa. Wani makanike ya ce in koma baƙin mai mai kauri, in riƙa barinta tana aiki minti 20 kowace safiya. Na duba intanet na ga ana maganar tayar ƙanƙara da ruwan hana daskarewa. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da zuwa Jos, ya baƙunta, ya sanyi? In na fahimce ka da kyau, ƙorafi huɗu ka kawo: wahalar tashi, farin hayaƙi, shan mai, da hitar da ba ta ɗumi. Sannan an ba ka shawara iri biyu, ɗaya daga bakin makanike, ɗaya daga mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke rufe titi. Na haura shekara ashirin ina gyaran mota a garin nan, kuma duk Disamba da Janairu irin motarka ce ke cika mana gareji. Abin da na gani a tsawon wannan lokaci shi ne sanyin Jos bai cika lalata mota mai lafiya ba. Ciwon da mota ta daɗe tana ɓoyewa a cikin zafin Abuja ko Kano shi yake tonowa. Saboda haka kada ka zuba mai mai kauri tukuna, kada kuma ka nemi tayar ƙanƙara. Bari in bi da kai ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin sanyi muke magana a kai

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, ya ninka na Abuja fiye da sau biyu. A tsakiyar hunturu akwai dararen da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10, musamman wajejen Bukuru da Vom inda fili yake a buɗe, iska na kaɗawa. Ga jikin ɗan Adam wannan sanyi ne na gaske, amma ruwa sai ya kai digiri sifili yake daskarewa, mu kuwa ba ma kaiwa can a al'ada. Don haka tayar ƙanƙara, da sarƙar taya, da gishirin da ake watsawa a titi a Kanada da arewacin Amurka, duk ba namu ba ne. Namu uku ne: sanyin asuba, bushewar iska, da ƙura. Akwai kuma na huɗu da mutane ba sa lissafawa, wato tazarar da ke tsakanin safe da rana. Mota ta kwana a digiri 10, da azahar tana cikin kusan digiri 28. Roba da ƙarfe da iskar taya duk suna motsi da wannan hawa da sauka.

Tsayin garin ma yana da nasa. Iska a nan ba ta kai ta Abuja kauri ba, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. In ka ji motarka ta ɗan yi nauyi a hawa, ba lallai ne ciwo ba.

Batir, wanda na fi zargi a kan wahalar tashi

Wutar batir daga aikin sinadarai take fitowa, tsakanin dalma da ruwan batir, sanyi kuma yana rage saurin wannan aiki. A daidai lokacin ne baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, kik yana neman wuta fiye da kullum. Batir sabo ba ya jin wannan. Amma wanda ya shekara biyu ko uku yana gasuwa a zafin Abuja ya riga ya gaji, domin zafi ne ke cinye batir a hankali, sanyi kawai yake zuwa ya kammala. Ka ce motar shekara uku tana hannunka. In batirin da ka saye ta da shi ne har yau, to ko ban gani ba zuciyata tana kansa.

Ka sa rewaya ya auna maka da mita, da safe, kafin a tada motar. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In 12.0 ne ko ƙasa da haka, ya kusa ƙarewa. A sake aunawa lokacin da ake murɗa makulli: in ya faɗo ƙasa da 9.6, batirin ba ya iya ɗaukar nauyi ko da ya nuna kyau a zaune. Bayan ta tashi a auna na uku, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai ba, laifin na altaneta ne, wato na'urar da ke caja batir, ko bel ɗinta ya saki, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon.

Roƙona ɗaya a nan: kada ka yarda kowa ya cire kan batir alhali inji yana aiki wai don a gwada ko tana caji. Dabarar zamanin Peugeot 504 ce. Motarka tana da kwamfuta, wutar da ke tsalle in an yi haka tana iya ƙona ta, kuɗinta kuma ya fi na batir nesa ba kusa ba.

Ka duba kan batirin da idonka. Farin gari ko kore da ke taruwa a wurin yana tare wuta. A kwance, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan garin soda na girki (baking soda), a goge da burushin waya, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan. Haka wayar da ke tafiya daga batir zuwa jikin mota. Na sha ganin motar da aka zo za a saya wa sabon batir, ashe ƙusa ɗaya ce ta saki. In za ka tada ta, kashe fitila da rediyo da fanka, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suka kama, jira daƙiƙa uku, sannan ka yi kik. Kada kik ɗaya ya wuce daƙiƙa 10, ka huta rabin minti kafin na biyu. Ba sai ka yi ta taka totur ba, wannan na masu kafireta ne.

Tamostat, inda nake jin ciwon yake

Shan mai da hitar da ba ta ɗumi, su biyun nan hanya ɗaya suke nuna mini. Mafi yawan motocin Kwatano da ke shigowa hannuna, an riga an cire musu tamostat, an kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye yadda da an murɗa makulli take fara juyawa. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai an ƙera motar don ƙasar sanyi, mu kuma ƙasar zafi ce. Ni ma da wannan karatun aka yaye ni, kuma na cire da yawa da hannuna lokacin ina yaron gareji. Sai da na yi ta buɗe injinan da aka yi wa haka, ina ganin yadda suka cinye kafin lokacinsu, sannan na gane ɓarnar da muke yi wa mutane. Har yau abin yana damuna.

Tamostat ƙaramar ƙofa ce a hanyar ruwa. In inji yana da sanyi tana rufe, ruwa ya tsaya yana zagayawa a cikin injin kaɗai har ya ɗumama da sauri. A irin motarka tana fara buɗewa a wajen digiri 82, sai ruwa ya tafi lagireto ya huce ya dawo. Aikinta ke nan, ta riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kusan digiri 90. Toyota ɗin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai ma da tamostat take zuwa, kuma zafinsu ya fi namu.

In babu ita, ruwa yana ta gudu ta lagireto tun daga kik ɗin farko, fanka na hura masa iskar hunturu. A Abuja zafin gari yana rufa asiri, injin yakan ɗan lallaɓa ya ɗumama. A Jos da ƙarfe bakwai na safe, daga Bukuru har ka isa Terminus bai kai zafinsa ba. Kwamfutar motar tana da na'urar da ke gaya mata zafin ruwa. Muddin ta ji inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota. Ga shan manka nan. Kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, fulogi su yi baƙi, ringi su ci kafin lokaci. Ita kuwa hita ba wuta take kunnawa ba, zafin ruwan inji take ara. Ruwa bai yi zafi ba, me za ta hura maka? Sannan ka tuna fankar nan da aka haɗa kai tsaye tana jan wuta daga batirin da dama da ƙyar yake, a daidai lokacin da kik ke buƙatarta.

Kana iya gwadawa da kanka. Tada motar da safe, in ka ji fankar lagireto ta kama nan take alhali ba ka kunna AC ba, an yi mata haɗin kai tsaye. Yi tuƙi na minti 10 zuwa 15 kana kallon allurar zafi. Ya kamata ta hau zuwa kusan tsakiya ta tsaya cak. In ta maƙale a ƙasa, ko ta hau a cunkoso ta sake faɗuwa da ka sami buɗaɗɗen titi ko gangara, babu tamostat, ko akwai amma ta mutu a buɗe.

Maganin shi ne a mayar da ita, a mayar da fanka kan tsarinta na asali. Amma a yi da hankali, domin sau da yawa an cire ta ne don a ɓoye wani ciwon. Kafin in sa tamostat sai na duba lagireto ko ya toshe, na duba murfinsa ko yana riƙe matsi, na duba famfon ruwa, na tabbatar fanka tana kamawa da kanta in zafi ya kai. A Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos, za ka samu kayan, sai dai ka je da wanda ya san na gaske, don tamostat ta bogi da ta maƙale a rufe tana iya ƙona maka gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a rana ɗaya. Ni nakan jefa sabuwar a ruwan zafi a gaban mai mota, mu ga ta buɗe da idonmu kafin in ɗaura. In an gama hita ba ta ɗumama ba har yanzu, a duba tiyo biyun da ke shiga ta bayan inji, akwai masu yanke su su haɗa da juna.

Ruwan da ka gani a intanet kuwa, shi kam namu ne, amma ba don daskarewa ba. Ruwan nan kore ko ja da ake zubawa a lagireto yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. A tsayin Jos ruwa tsurarsa yana tafasa a kusan digiri 96, bai jira 100 ba. Ruwan rijiya da na famfo suna barin ƙasa da tsatsa a cikin ƙananan hanyoyin lagireto. A wanke tsohon, a zuba irin wanda aka riga aka haɗa, kada a gauraya kala biyu. Kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Akwai yaron da ya taɓa aiki a ƙarƙashina da har yau tabon ke hannunsa.

Baƙin mai da maganar minti 20

A jikin galan za ka ga lamba kamar 20W-50 ko 5W-30. Lambar farko, mai W, tana nuna yadda man ke gudu in da sanyi. Ƙaramar lamba tana nufin ya fi saurin gudu. Ka tuna man shanu ko manja da safiyar hunturu, haka mai kauri yake zama a ƙasan inji. Daƙiƙoƙin farko bayan kik, kafin mai ya hau sama, su ne lokacin da ƙarfe ke gogar ƙarfe, a nan inji ya fi cinyewa. Toyota ta rubuta 5W-30 ga injin Corolla irin taka. Wanda ya ce ka koma mai kauri a cikin sanyi ya juya maganar ne. Inda nake sassautawa shi ne in injin ya tsufa, yana shan baƙin mai ko yana hayaƙi shuɗi, sai in ce a tsaya a 10W-40. In za a yi juye a canza filta tare, a sayi man a wurin da ka amince da shi, don jabu ya yi yawa.

Barin mota tana aiki minti 20 a tsaye asarar fetur ce, kuma ba ya ɗumama inji da kyau, balle giya da sauran sassa. Minti ɗaya ya isa, ka ji ƙarar ta daidaita, sannan ka ja a hankali ba tare da taka wuta ba na minti biyar na farko. Tafiyar ce ke ɗumama ta. Abin da ya fi fetur muhimmanci shi ne rai: kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin yara. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da kala, tana kashewa kamar yadda hayaƙin janareta da gawayi ke kashe mutane a ɗaki.

Farin hayaƙin da ka gani, in siriri ne, yana ɓacewa a iska, kuma yana tsayawa bayan 'yan mintuna, tururi ne kawai, irin wanda ke fita daga bakinka da asuba. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙanshin zaƙi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Wannan alamar gasket ce, a tsaya da motar a duba.

Ƙura da bushewa

Ni a ganina ƙura ta fi sanyi yi wa mota illa. Matatar iska takan toshe da wuri a wannan lokaci, ka riƙa dubawa duk mako biyu. Ka kaɗe ta a hankali, in ka ɗaga ta wajen rana haske ba ya ratsawa a canza. Masu hura ta da iskar mai faci mai ƙarfi suna yaga takardar ne, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. Akwai wata matatar a bayan akwatin gaban fasinja a yawancin motoci, ita ke tace iskar da kake shaƙa, mutane da yawa ba su san da ita ba.

Kada ka kunna waifa a busasshen gilas mai ƙura, kada kuma yaro ya goge jikin mota da busasshen tsumma. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, tana kankare gilas da fenti, da dare fitilar mai zuwa ta riƙa watsuwa a idonka. Ruwa tukuna, sannan tsumma. Tankin ruwan waifa ya kasance a cike kullum. In gilas ya yi gumi ta ciki da safe, kunna AC ka juya iskar zuwa gilas, ya fi tafin hannu. Ruwan zafi kuma kada ya taɓa gilas mai sanyi, musamman in da ɗan tsagu.

Bushewa tana fasa roba kamar yadda take fasa dunduniya. Duba bel, tiyo, robar waifa da ta ƙofa. Bel ɗin da ke kuka da safe yana gaya maka ya saki ko ya ƙeƙashe. Sannan ka riƙa ɗaga bonet lokaci-lokaci, ɓeraye da kyanwa suna neman ɗumin inji da dare, ɓera kuwa in ya sami wayoyi sai ya yi ɓarnar da za a kwana biyu ana nema.

Iskar taya tana raguwa da kusan psi ɗaya (ma'aunin iskar taya) duk lokacin da zafi ya sauka da digiri biyar zuwa shida. Ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda mai faci ya ga dama ba. Har da safaya.

Tunda iyali ko aiki za su riƙa kai ka Abuja, ga maganar hanya. In hazo ya sauka, ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana bugun ƙura ta dawo idonka. A gangaren Hawan Kibo ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya sake ka. Ka ba tirela tazara. In da hali ka bari gari ya waye sosai kafin ka kama hanya.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan

Ban ji ƙarar motarka ba, ban kuma sa mata mita ba, duk abin da na faɗa daga bayaninka na ɗauko shi. Wahalar tashi tana iya zuwa daga fulogin da suka ci, ko famfon mai da ya yi rauni, ko nozul masu datti, ko na'urar auna zafin ruwa da ke yi wa kwamfuta ƙarya. Akwai bambanci da zai taimaka: in kik ɗin yana juyawa a hankali kamar mai jan ƙafa, wajen batir da wayoyi za a nufa. In yana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa, wajen mai da fulogi ne. In fitilar inji tana kunne a dashbod, a sa mata na'urar bincike kafin a sayi komai. Aikin cikin kwamfuta da na giya mai canza kanta ba fannina ba ne, nakan tura wa masu shi.

Ka fara da aunin batir gobe da safe, ka rubuta lambobi ukun nan. Ka lura da fanka da allurar zafi a hanyarka ta zuwa ofis. Ka aiko mini da abin da ka gani, tare da lambar baƙin man da ke cikinta yanzu da kilomitar da motar ta yi, sai in gaya maka wanda za a fara kashe wa kuɗi. Allah ya tsare hanya.